Man Shanun Dada

Ɗana yana da wata biyar ƙurajen suka fara. Daga kumatu suka gangara bayan gwiwa. Fatar ta bushe ta yi ja, yana ta goga fuska a kafaɗata har ta tsage. Na yanke masa farce, na sa masa safa a hannu, ya tuɓe ta da baki. Zama ya gagare ni. In ɗora tukunya, in ruga in duba shi, in dawo wuta ta mutu.

Malamar asibiti ta tambayi abin da yake ci. Na ce nonona, sai kunu da 'yar madara. Ta ce mu bar duk abin da ya fito daga saniya, ni da shi, a gani. Na bar kindirmo, na bar shayi mai madara. Kumatun suka lafa. Amma duk Asabar sai su sake tashi.

Na yi ta tunani. Duk Juma'a muke hawa keke zuwa Jekadafari gaida Dada, uwar mijina. Da mun shiga sai ta miƙo hannu.

"Kawo min angona. Dubi yadda kika bar shi ya bushe kamar kilishi."

Ta lakato man shanu ta mulke shi tun daga goshi har tafin hannu, shi kuwa yana tsotsar yatsu. A gabana ake yi. Ni a zatona ci aka hana, ba shafawa ba.

Na koma asibiti na tambaya. Malamar ta riƙe baki, ta ce ai shi ne, ta ba ni wani man shafawa.

Juma'ar da ta biyo na durƙusa gaban Dada.

"Dada, wai an ce man nan ne."

"Wane? Bakwai na raina da shi, har da uban wannan!"

Ban ɗago kai ba. Na dai buɗe mata bayan gwiwarsa, inda ya tsage yana ruwa. Ta daɗe tana kallo. Can ta tura kwalbar man ƙarƙashin gado da ƙafa.

"Ɗan Fulani guda, wai bai shiri da saniya. Na fasa auren. Ina naku na asibitin?"

Na ba ta. Ta shafa masa tana mita, wai ko ƙanshi babu.

Asabar ɗin kumatunsa ba su tashi ba. Duk da haka, har yau in na karɓe shi daga hannunta, sai na faki idonta na shinshina kansa.