Akushin Inusa Mai Yasar Rijiya

A Maijirgi, in laka ta cushe rijiya, Inusa ake kira. Shekara talatin ana ɗaura masa igiya a zura shi, ya yini cikin ruwa har ƙirji, ko a tsakiyar ɗari, bai taɓa kaɗa haƙori ba. Masu jan igiya suna sama lulluɓe da bargo, shi kuwa ya fito kafaɗunsa da ɗumi kamar murhu.

Cikinsa kawai ake tsoro. Masu rijiya su ke ciyar da mai yasa, Inusa kuwa akushin mutum uku yake sharewa, ya kora da fura, ga jiki kamar kara. Matan gari har rantsuwa suke yi wai akwai wata rijiyar a cikinsa.

Bana matarsa Lalla ta fara ganin ragowa a kwano. Hankalinta ya tashi. Shi ma ya san da abin, shi ya sa zama ya gagare shi. Ya duba igiya, ya leƙa ƙofar gida, ya dawo ya sake duba igiyar. Tsoronsa ɗaya, ranar da ruwa zai fi ƙarfinsa a gaban mutane.

Ɗiyarsu Surayya, mai aikin jinya a Tasawa, ta zo ta tarar an kira shi aiki.

"Baba, akwai wani kitse nan tsakanin wuya da kafaɗu," ta ce. "Sanyi ka tashe shi, shi ƙone abinci shi maishe shi ɗumi. Can tuwonka ka tahiya. In shekaru sun ja kuwa, sai shi ragu. Kada ka shiga wagga rijiya."

"Kitse? Ni? Dube ni da kyau, ɗiyata!" Ya yi dariya, ya saɓa igiyarsa.

Ya shiga. Bai cika guga goma ba haɓarsa ta soma kaɗawa, yatsu suka ƙi kama komai. Ya ciji leɓe, ya ƙara biyu, sannan ya girgiza igiya, tun hantsi. Aka jawo shi, wani ya yafa masa bargo, kowa ya kau da kai.

Masu rijiya suka kawo babban akushin nan kamar kullum. Ya yi loma biyu, ya daɗe yana kallonsa, ya tura wa masu jan igiya.

"Ku ci," ya ce. "Inusan da anka dahwa wanga tuwo domin shi bai zo ba."