Ranar da Na Matsar da Muryar Baba

Kwamfutar marigayi Baba ta cika har ba ta iya buɗe komai, ga shi a cikinta Umma take sauraron muryarsa yana karatu. Ni ne na gama jami'a a gidan, ni ta miƙa wa gyaran.

Na duba ma'ajiyar kwamfutar, na ga akwai filin da ba a taɓa ba. Sai dai ɓangaren da muryar take ya tare tsakanin filin da ɓangaren da ya cika, dole a matsar da shi tukuna, kuma in aikin ya katse muryar na iya ɓacewa. Ba ni da abin kwafewa. Na so in jira, amma Umma tana kallona, sai na danna.

Batirin ya daɗe da mutuwa, kuma a unguwarmu Makera da zarar hadari ya haɗu ake ɗauke wuta.

Aikin bai kai rabi ba iska ta bugo taga. Fanka ta rage gudu, allon ya yi baƙi.

"An gama?" in ji Umma.

"Ban tabbata ba, Umma. Sai an kawo wuta za mu sani."

Ta jawo kujerarta kusa da kwamfutar, ta zauna jira.