Quadri Mai Gyara, da Maganar da Ban Faɗa Maka Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina tsakiyar auna wa wata Hajiya shadda a Kantin Kwari aka kira ni a waya cewa Allah Ya yi wa Quadri mai gyara rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar mun sallace shi a Rijiyar Lemo, mun kai shi makwancinsa.

Quadri, yau da kai nake magana, ko da yake na san ba amsawa za ka yi ba.

A Fagge aka haife ka, iyayenka Yarabawa ne, amma Hausarka ta fi ta wasunmu daɗi. Shekara ashirin da wani abu kana shagon nan naka na Sabon Gari, kana gyaran rediyo da talabijin da injin gem. Mutum ya kawo maka abin da ya riga ya mutu, sai ka ce, "Malam, kada ka ɓata kuɗinka," alhali wani da ya karɓe ya yi ta yi masa yawo da hankali. Shekarar da ruwa ya shiga mana kasuwa, kai ne ka nannaɗe wando har gwiwa kana taya ni fitar da diloli, ba wanda ya kira ka. Ana kiran salla kuwa sai ka zare wayar talabijin, ko da mai buga gem a shagonka yana dab da cin ƙwallo ne.

Amma duk wanda ya san ka ya san ka da gem ɗin samurai, mayaƙan takobin nan na ƙasar Japan da ke yaƙar shaiɗanu. Kashi huɗu ne, kuma duk Kano ban san wanda ya damu da shi ba sai kai. Kowa ƙwallo yake bugawa, kai kana can kana bin aljanu lungu-lungu a cikin tsohuwar fada. Faya-fayan a cikin kayan gwanjo suka zo maka, rubutun duk na Japan, ba ka iya karanta ko harafi ɗaya. Wannan bai hana ka ba mu labarin da Hausa ba, kana cewa, "Kun ga wannan? Ƙanwarsa suka sace, shi ya sa ba ya dariya." Har yau ban sani ba ko haka labarin yake, ko kai ka ƙaga abinka.

Mu biyu muke zama kallo: ni, da Ikechukwu maƙwabcinka mai sayar da kayan janareto. Kwano ɗaya kuke cin abinci da shi. Shekara biyu ka yi a kan kashi na uku, kullum awa ɗaya bayan la'asar, kana ajiye inda ka tsaya a wani jan katin memori da ka hana kowa taɓawa. Saura sarkin shaiɗanun kawai, ka ce ranar Juma'a za ka gama da shi a gabanmu.

Ranar Alhamis ka fita zuwa unguwar Bata neman wata waya, Ikechukwu ya ajiye abin buga gem ɗin ya tafi wajen mai ciniki, aka bar ni ni kaɗai. Karambani ya sa na ɗauka. Wani rubutu ya fito da ban gane ba, na tsorata, na danna maɓallin mai da'ira don in koma baya, kamar yadda muka saba a gem ɗin ƙwallo. Ashe a injin Japan abin a juye yake, mai da'irar shi ne na amincewa, rubutun kuma tambaya yake ko a goge abin da ke kan katin. Aikin shekara biyu ya goge a gaban idona. Na ajiye, na sulale na koma kasuwa.

Da ka dawo, aka ce maka Ikechukwu aka gani da abin a hannu. Ya rantse, ka ƙi yarda. Ina tsaye washegari ka ce masa, "Ba gem ɗin ne ya dame ni ba, ƙaryar ce." Ni kuwa na ɓoye gaskiyar. Na ce a raina bari ka huce tukuna, daga nan na ce sai bayan salla, daga nan kunya ta yi mini katutu. Ikechukwu ya tashi daga layin, kai kuma ba ka ƙara saka faifan nan ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kana gaishe ni da fara'a, ina amsawa.

Ranar sadakar uku na hango Ikechukwu a bakin layi, a tsaye cikin rana, ya kasa ƙarasowa tabarma. Na je na kamo hannunsa, ya ce, "Halilu, ban sani ba ko zai so in zauna a ƙofar gidansa." Sai na ja shi gefe. A nan bakin kwata na faɗa masa komai.

Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Ni ka faɗa mini, kuma na yafe. Shi fa, wa zai faɗa masa? Ya tafi yana ganin maƙaryaci ne ni."

Abin da ya rage a hannuna shi ne in rubuta inda kowa zai gani: Ikechukwu bai taɓa yi maka ƙarya ba, Quadri. Ni ne na goge katin, ni ne na raba ka da amininka, kuma ina jin ciwon abin fiye da yadda zan iya faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Sherifat, da 'ya'yanka Isma'ila da Mubina, da 'yan'uwanka na Fagge, da abokan sana'arka na Sabon Gari. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, kada Ka kama bawanKa Quadri da fushin da ya yi bisa rashin sani, laifin nawa ne. Ka sanar da shi gaskiyar da na kasa faɗa masa yana da rai, Ka sa ya yafe mini ranar da za mu tsaya a gabanKa.