Sirrin da Auta Ya Ba Yayansa

Auta ake ce masa a gida, ko da yake ya haura arba'in da biyar, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. A makarantar da yake yi wa aiki kuwa Baba Direba ne. Shekara goma sha ɗaya yana jan doguwar motar yara mai kujeru talatin da biyu, bai taɓa gogar ko da keken wani ba. Ya san yaron da ke amai idan aka sha kwana da gudu, ya san yarinyar da kullum uwarta ke biyo ta da takalmi ɗaya a hannu tana cewa a jira. Ƙarfe takwas da rabi ya gama sauke yara. Ba a sake nemansa sai ɗaya da rabi.

A cikin wannan awa biyar ɗin abin yake samunsa.

Da shayi kawai yake fita daga gida, domin kowace safiya yakan yi wa kansa alkawari cewa yau ba zai sa komai a baki ba sai yamma. Wajen ƙarfe goma sai wani irin ƙunci ya taso masa daga ƙirji, ba yunwa ba ce, ya san yunwa. Sai ya kai motar bayan wani tsohon sito inda babu mai wucewa, ya taka zuwa shaguna uku daban-daban don kada wani ya ga yawan abin da ya saya. Idan mai shago ya ɗaga ido, sai ya yi murmushi ya ce, "Na yara ne."

A kujerar ƙarshe yake zama, ya ja labule. Burodi biyu, biskit, shinkafa a roba, taliya, lemon kwalba. Ba ya jin ɗanɗanon komai bayan loma ta uku. Hannu ne kawai yake kaiwa yana dawowa, shi kuma kamar yana gefe yana kallon wani mutum. Cikin ya cika, ya fara ciwo, amma ba ya iya tsayawa sai ledojin sun zama wayam. Daga nan ya kwance maɓallin wando, ya kwanta a kan kujera yana zagin kansa. Kafin lokacin ɗauko yara ya share motar sau biyu, ya kai ledojin juji mai nisa. Shugaban makaranta har yabonsa yake yi a gaban ma'aikata, wai a yi koyi da tsabtarsa.

A gida kuwa cokali huɗu ko biyar yake yi ya ture kwano. Matarsa, wadda ke ɗinki a ɗakin tsakar gida, takan yi masa tsiya. "Baban yara, kai ko iska ka shaƙa sai ta zama tsoka." Ya yi dariya, ta yi dariya, magana ta wuce.

Da lokacin sabunta lasisinsa ya yi, aka tura shi gwajin lafiya. Likitar ta auna jininsa ta ga ya hau, ta tambaye shi yadda yake cin abinci. Ya ba ta amsar da ya saba bayarwa. Ba ta rubuta ba, ta ajiye biro ta ce, "Akwai lokacin da kake ci da yawa, kai kaɗai, ka ji ba ka iya tsayawa?"

Bai taɓa jin wani ya faɗi abin da baki ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kusan kullum."

Ta ce masa larura ce sananniya, ta ci ba tsayawa, kuma ba shi kaɗai ke fama da ita ba. Ta rubuta masa takarda zuwa wurin wani jami'i mai ba da shawara da ke ganin mutane ranar Alhamis, ta ce in da hali ya zo da wanda ya amince wa.

Bai yi dogon tunani ba. Yana da shekara tara mahaifinsu ya rasu, Yayansa ne ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon tuƙi, shi ya shige masa gaba wurin neman aure. Har yau Auta ba ya zama kan kujera idan Yaya na tsaye. Matarsa kuwa kunyarta yake ji.

Ya sami Yaya a shagonsa na walda, yana haɗa ƙofar ƙarfe. Yaya ya ɗaga tabarau zuwa goshi, ya kashe inji. Suka koma bayan shago, Auta ya kwashe komai ya faɗa masa: sito, labule, shaguna uku, har da abin da yake ce wa masu shago. 

Yaya ya dafa kafaɗarsa. "Shi ke nan? Na zaci wani babban abu ne. Daga bakinka sai kunnena, Auta. Ranar Alhamis ka jira ni a ƙofar asibitin."

Ranar Alhamis Auta ya jira fiye da awa ɗaya, ya kira wayar Yaya sau uku ba a ɗauka ba. Bai iya shiga shi kaɗai ba, ya juya.

Ranar Asabar 'yan uwa suka taru a gidan Yaya cin abincin rana, kamar yadda suke yi duk ƙarshen wata. Matar Yaya ta ajiye babban faranti a tsakiya ta ce, "Kowa ya ɗebi nasa tun bai kai gaban Auta ba." Aka yi dariya. Auta ma ya yi, yana zaton tsiyar da aka saba ce. Sai Yaya ya ɗauki burodi biyu ya rungume a ƙirji, ya ƙanƙance murya ya ce, "Na yara ne."

Falon ya ɗauki shewa, alamar an riga an ba kowa labarin. Wani ƙanin matar Yaya ya tambaya ko gaskiya ne har labule yake ja. Auta ya waiga wurin matarsa. Ita kaɗai ba ta dariya, tana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda zai gaya mata abin da ake yi wa dariya. Ya miƙe ya sa takalmi ya fita, bai yi wa kowa sallama ba.

Ranar Litinin, bayan ya sauke yara, shugaban makaranta ya kira shi ofis. Ashe Yaya ya zo gyaran tagogin wani aji a makon da ya wuce, ya ja shugaban gefe ya ce a sa wa ƙaninsa ido, likita ta tura shi wurin masu duba ƙwaƙwalwa.

"Ba korarka na yi ba," in ji shugaban, yana kauce wa idonsa. "Amma 'ya'yan mutane ne a motar nan. Ka kawo mini takardar likita, sai mu yi magana. Ajiye makullin."

Daga nan shagon walda ya nufa. Wannan karon bai jira an kashe inji ba.

"Yaya, me na yi maka?"

"Don amfaninka na yi," in ji Yaya, ko tabarau bai cire ba. "Haɗama ce ke damunka, kuma kunya ce maganinta. Idan kowa ya sani, dole ka daina."

"Ka ce daga bakina sai kunnenka."

"To ni na raine ka, ko sai ka koya mini yadda zan gyara ka? Wai ciwo. Yaushe cin abinci ya zama ciwo?"

Auta ya tsaya yana kallon tartsatsin wuta na zuba a ƙasa. Yana da maganganu da yawa, amma bai saba ɗaga wa wannan mutumin murya ba. Ya juya ya tafi.

A ranar ya yi cin da bai taɓa yin irinsa ba. Matarsa ta dawo daga kai ɗinki da la'asar ta same shi zaune a ƙasa a ɗakin ajiya, ledoji kewaye da shi, tukunyar abincin yara a tsakanin ƙafafunsa, babu komai a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa. Da ta yi magana, ba faɗa ta yi ba.

"Shekara nawa ina dafa maka abinci kana turewa, ina zaton hannuna ne ba ya maka daɗi. Har canza girki na yi ta yi. Ka je ka gaya wa Yaya, ni kuma sai a bakin mutane na ji."

Ya ce, "Kunyarki nake ji."

"To ga shi ka ji ta gaba ɗaya. Tashi ka wanke fuska kafin yara su dawo. Yaushe ne ranar ganin mutumin nan?"

Tare suka je. Jami'in, wani dattijo mai magana a hankali, ya fara da tambayar Auta me yake ci da safe. Da ya ji shayi ne kawai, ya ce nan za a fara gyara, domin horon yunwar da yake yi wa kansa shi ke share wa cin hanya. Ya ce ya ci abinci sau uku a kan lokaci, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ko da jiya ya yi ɓarna. Ya ce a ajiye maganar rage ƙiba tukuna. Ya ba shi ƙaramin littafi ya riƙa rubuta abin da ya faru da abin da ya ji kafin ƙuncin ya taso. Matar ta tambaya ko ta sa wa ɗakin ajiya kwaɗo, ya ce a'a, tsaro da gori suna ƙara ɓoyo ne kawai, ta dai riƙa zama suna ci tare.

Mako shida ya yi a gida kafin takarda ta fito cewa larurar ba ta hana shi tuƙi. Aka mayar masa da makulli. Wasu malamai suka riƙa bin hannunsa da kallo duk lokacin da ya ɗauko leda, wata uwa ta cire ɗanta daga motar. Ya daina fita da motar bayan ya sauke yara. Ƙarfe goma da rabi yakan zauna a benci tare da maigadi ya ci abin da matarsa ta ƙunso masa, idan ƙuncin ya taso ya zaga filin ƙwallo, ko ya kira ta tana kan keken ɗinki su yi hirar banza har ya lafa. Ba kullum yake lafawa ba. A watan farko sau biyar abin ya kayar da shi, a na huɗu sau ɗaya. Ya rubuta, ya kai wa dattijon, washegari ya karya kumallo.

Yaya bai taɓa ba shi haƙuri ba. Auta yana zuwa gaishe shi, ya durƙusa kamar da, amma ya daina zuwa cin abincin ƙarshen wata, kuma idan an tambaye shi ya gida, "Lafiya" kawai yake cewa.

Bayan shekara guda idon Yaya ya fara ba shi matsala, aka ce sai an yi masa aiki. Auta ne ya ari mota ya kai shi. A hanya, suna tsaye a danja, Yaya ya gyara murya.

"Auta, wannan maganar ta kwanaki..."

Auta ya jira. Da can shi zai yi saurin cewa ba komai, ya wuce, don ya sauƙaƙa masa. Wannan karon bai ce ba. Yaya ya kalli taga, ya ce zafin rana ya yi yawa bana. Auta ya ce haka ne, ya sa giya. Ya zauna a asibitin har aka fito da shi da bandeji a ido, ya riƙe masa hannu zuwa mota, ya kai shi gida, sannan ya wuce ɗauko yara.