Dalma a Haƙori

Ƙarfe bakwai da kwata, tsakanin magariba da lisha, mu uku ne a bakin murhu a gidanmu na Garbadu: ni, ƙanena Sale, da kakarmu Inna Ige. Tsarin ba ya canzawa. A ci tuwo, a wanke hannu, sannan ta tura kara cikin wuta.

"Ku matso, ragwayen mazajena," in ji ta. "Wanda yay yi gyangyaɗi, na hwasa aurenai."

Ranar ta ba mu labarin wani mai liƙin kwanoni. Matarsa ke riƙe masa kwano, shi kuma ƙarfe mai zafi a dama, dalma a hagu. Ya ga tana ɓata masa lokaci, sai ya sallame ta. Ya kama kwano da hagu, ya ciji dalmar da haƙora. Aiki ya yi sauri, gari ya yaba. Bayan damina uku hannuwansa suka saki.

Sale ya ce, "Inna, ai dai ya yi suna."

"Allah shi shirye ka, ɗan nema," ta ce, tana dariya.

Da muka girma muka buɗe shago a Talata Mafara, muna haɗa fitilun sola. Ni na tsara aikin. Na ɗaya, a jera alluna goma na lantarki, waɗanda ake sawa cikin fitila. Na biyu, a goge bakin ƙarfen liƙi. Na uku, allo a hagu, ƙarfe a dama, wayar dalma a haƙori. Akwai ɗan abin da ke riƙe allo, amma na ce ɗaurawa da kwancewa jinkiri ne. Ban manta labarin Inna ba. Na ɗauke shi tatsuniya.

Ni na koma wajen masu saye, Sale ya zauna kan benci shekara tara.

Bara ciwon ciki ya fara damunsa, sannan hannunsa na dama ya daina ɗaguwa daga wuyan hannu. Likita ya ce dalma ta taru a jininsa, ta taɓa ƙoda. Jiya na je gaishe shi, ya ce, "Yaya, wa ka riƙe maka bencin? Kada aiki shi tsaya." Bai taɓa cewa ni ne sanadi ba.

Ina roƙonka abu biyu. In ka ga mai gyara da wayar dalma a baki, ka tsaya ka sa ya cire. Sannan ka sa Sale a addu'a.