Shekarar da Isufu Mai Kakakin Nasara Ya Ƙi Tafiya

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai Isufu makwancinsa a Gazawa, amma har yau in aka buɗe lasifika a gidan biki sai in waiga, kamar zan gan shi yana goge baki da bayan hannu. Ni ne mai gangarsa. Shi kuwa turambon yake busawa, ƙahon tagullar nan da ake ja ana turawa, wanda mutanenmu suka raɗa wa suna kakakin Nasara. A rundunar kiɗan soja ya koya, ya dawo gida da kiɗan jaz da fank a kunne, ya tara mu biyar. Shef muke ce masa, wato shugaba. Yana da faɗa, Allah ya jiƙansa. In ka saki kiɗa, da bakin ƙahon zai nuna ka a gaban jama'a.

Sai babban fari ya zo. Aka yi ta shuka ba ta tashi, makiyaya suka shigo gari da sanda babu shanu, biki ya ɗauke ɗif. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wa zai kira makaɗi bai ci ba? Kowannenmu yana da iyali, kowa ya fara tunanin inda zai sa gaba.

Ana cikin haka wani mai otel ya zo daga tsallaken iyaka. Yana da makaɗansa, mai ƙaho kawai yake nema, da ɗaki da abinci da alkawarin faifai. Wannan ne abin da Isufu ya daɗe yana mafarki. Na ce masa, "Shef, tahi abinka, mu Allah ya san da mu." Ya harare ni ya ce, "In na tahi, Lawali, wa za ya tsaya jin gangarka? Ko ni haƙuri nika yi da ita." Gaskiya ya faɗa, ƙahon nan mutane ke taruwa kallo, ba mu ba.

Ya sallami mai otel, ya ja mu kasuwa-kasuwa, daga Cadawa zuwa Agiye, muna kiɗa don tiyar dawa ko garin rogo. Busa ba ta son cikin da ba komai. Na sha ganinsa ya dafa bango, jiri na ɗibarsa, ya ce in tsawaita ganga har numfashi ya dawo. Haka muka kai ga damina, babu gidan da ya watse a cikinmu.

Yanzu mutum ɗaya da na'ura ya ishi biki. Da Isufu ya gani, na san ba zai kushe sautin ba, kunnensa ba ya ƙin sabon abu. Tambaya kawai zai yi: wannan akwatin, gida nawa yake ciyarwa?

Me ya rage? Ko kaset ɗaya babu, ƙahon ya yi tsatsa, matasan Gazawa ba su san sunansa ba, kuma wannan yana yi mini ciwo. Abin da ya rage shi ne gidaje biyar da jikokinsu. Da ya tsufa na taɓa tambayarsa ko ya yi da-na-sanin ƙin tafiya, ina jiran ya ce a'a. Sai ya ce, "Kullum, Lawali. Amma ko yau aka sake tambayata, ba ni zuwa."