Tsagen Da Yaya Sale Ya Yi Wa Shaida

Bana shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sale, mahaucin da rabin Garwa ta ci naman hannunsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a gidansa, a yi masa addu'a, a ci abinci, a watse. Ban taɓa tunanin kawo maganarsa jarida ba. Bana kuwa wani abu ya faru, kuma in ban faɗe shi ba ba zan sami sukuni ba.

Wanda ya san Yaya a mayanka kawai, rabinsa ya sani. Ɗaya rabin yana bakin ruwa. Ran Lahadi da an gama yankan safe sai ya wanke jini, ya ɗaure sandar kamun kifinsa a bayan babur ya ɓace. Ya taɓa ganin Turawan da ke zuwa kogin Faro suna jefa ƙugiya mai ado da gashin tsuntsu, ba tana ba ƙulli, ya yi musu dariya har da riƙe ciki. Bai yi wata ba muka same shi a zaure yana ɗaura wa ƙugiya gashin wutsiyar saniya da ya tsinto a mayanka, da gashin wuyan zakaran Adda Hajara, matarsa, da jan zare. A bakin ƙugiyar yakan sa wayar birkin keke, don haƙoran tsage ba sa barin zare. Dangi suka yi ta tsiya, wai ɗan gidan fawa ya koma yi wa kifi kitso. Ko a jikinsa.

Abokin wannan hauka tasa shi ne Buba, amininsa tun suna yara, mai shagon kayan babur. Abin da ya haɗa su kuma shi ne abin da suke faɗa a kai: wane kifi ya fi faɗa in ƙugiya ta kama shi? Buba ya ce giwan ruwa, ko kapiten kamar yadda masu Faransanci ke kiransa, don shi ne zai ja ka da kwalekwalenka. Yaya ya ce wannan nauyi ne, ba faɗa ba. Giwan ruwa a wurinsa tamkar bijimin da ya ƙi tashi ne, ka ja ya ja har ɗayanku ya gaji. Tsage kuwa da ya ji ƙarfe a baki sai ya yi sama, ya girgiza kai a iska, ya faɗa, ya nufo ka da gudu har zaren ya saki, ya sake tashi, kafin ka ce me ya tofar da ƙugiyar ya bar ka da buɗaɗɗen baki. Sun kwashe shekaru suna wannan musu a kan shayi, ba wanda ya taɓa sakar wa wani. Ni dai nakan goyi bayan wanda ya sayi tsire a ranar.

Akwai wani gurbi mai zurfi a ƙarƙashin duwatsu, a wani reshen ruwa da ke faɗawa Binuwai, inda manyan tsage ke taruwa. Yaya ne ya gano shi, kuma mu biyu kaɗai ya nuna wa, ni da Buba. Sharaɗinsa ba yawa: ba a kai kowa, ba a jefa taru, wato babbar ragar nan da ke share ruwa ba ta barin babba ba ta barin ƙarami. Sannan yana da wata al'ada da na daɗe ban gane ba. Idan tsage ya ba shi wuya sosai, ya kawo shi bakin gaɓa da ƙyar, sai ya zaro wuƙarsa ta fawa ya yanke ɗan ƙaramin fiffiken nan mai tsoka da ke kusa da wutsiya, yadda masu shanu ke tsaga kunnen dabba don shaida, ya mai da shi ruwa. Yakan ce wannan ya fanshi kansa. Mutumin da ke kwantar da sa kowace safiya bai ko ƙifta ido ba, shi ne zai durƙusa cikin ruwa yana tallafe da kifi har ya farfaɗo. In muka sake kama mai shaida sai ya yi ta murna kamar ya gamu da tsohon abokin makaranta, ya sake shi.

Ina wurin, a ɗakinsa, lokacin da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya kama hannun Buba ya ce, "Gurbin nan amana ne a hannunka. Ƙanen nan nawa Ɗanlami ɗan kasuwa ne, ba ya samun zuwa. Kai ne na ruwa." Buba ya yi kuka har da shessheƙa. Da kunnena na ji ya ce in ya bari taru ta shiga wurin kada Allah ya bar shi.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da zai leƙo ya ga kogin yau. Da rani yaro ma na tsallake inda da sai da kwalekwale. Ragar da ake jefawa yanzu idonta bai fi na gidan sauro ba, ana kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, a banda su, a loda a mota. Na san zai yi tsaki ya ce mutane sun koma cin iri. Amma ina jin zai ƙara da cewa, to, ai gurbina na nan. Ni ma da wannan nake kwantar da raina. Da aka fara raɗe-raɗin cewa Buba ya sayi jirgi mai inji ya ɗauki masu taru, ni ne na riƙa kare shi. Na ce a madatsar Lagdo suke aiki, wa ya hana? Har ɓatawa na yi da wani maƙwabcina a kasuwa a kan maganar.

Ranar addu'ar bana da safe, Buba ya aiko da gudummawa a babban baho: tsage guda, tsawonsa ya kusa hannuna. Adda Hajara ta ji daɗi, ta ce Allah ya yi wa zumunci albarka, ta zauna kankare shi. Can na ji ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta nuna mini kusa da wutsiya. Fiffiken babu, wurin ya warke sumul, yankan wuƙa mai kaifi. Na buɗe bakin kifin na duba, babu sabon raunin ƙugiya. A bayan kansa kuwa ga sawun raga ya zagaye shi kamar an shaƙe shi da igiya.

Ban jira ba, na tafi shagonsa. Ya tarye ni da fara'a da gaisuwar Fulatanci, "Jam na, Ɗanlami? Saƙo ya iso?"

Na ce, "Yaya Buba, kifin nan daga ina?"

Ya ce, "Ruwa na Allah ne, ƙanena. In ban shiga ba wani zai shiga."

Na ce, "Akwai shaidar Yaya a jikinsa."

"Na gani mana. Shi ya sa na ce a kai gidansa, ai nasa ne." Sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Ka ga abin da nake gaya wa marigayi? Tsagen nan nasa da yake kurantawa, wallahi a cikin taru ko motsin kirki bai yi ba."

Wannan maganar ce ta karya ni, ba kifin ba. Da ya sunkuyar da kai ya ce talauci ne, ko ya yi mini ƙarya ma, da na nemo masa uzuri kamar yadda na saba. Amma mutum ya ci amanar mamaci, sannan ya ɗauki abin da ya ci ya mai da shi hujjar cin musun da ya kasa ci mai shi na raye! Kifin da aka naɗe da raga tun daga kai har wutsiya, ta ina zai yi faɗa? Buba ya fi ni sanin haka. Ban taɓa jin an ci mini fuska irin ta ranar ba, kuma har yanzu in na tuna dariyar nan sai zuciyata ta yi zafi.

Adda Hajara ta soya kifin don ba a wulaƙanta abinci, ta aika wa maƙwabta. A gidan ba wanda ya taɓa. Da la'asar Buba ya zo addu'a, ya zauna a sahun gaba, amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Lahadin da ta biyo na ɗauki sandar Yaya da gwangwanin da yake ajiye ƙugiyoyinsa na tafi gurbin. Yagaggiyar raga na rataye a duwatsu, ga tokar banda a inda muke shimfiɗa sallaya. Na ɗaura wata mai farin gashin wutsiya, na yi ta jefawa har kafaɗata ta sage. Ruwan bai ko motsa ba.

Da aka ce me ya rage na mutum bayan shekara biyar, da nakan lissafa 'ya'yansa, da sunansa mai kyau a mayanka, sannan in ƙara a raina da waɗancan kifaye masu shaida da ke yawo a ƙarƙashin duwatsu da yankan wuƙarsa a jikinsu. 'Ya'yan na nan, Allah ya raya su. Sunan ma na nan. Na ukun ne na ɗauka ba mai iya taɓawa, don mu biyu kaɗai muka san hanya.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Kai ne da gaskiya, tsage ya fi faɗa, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Sai dai waɗanda za su ba da shaida, amininka ya kwashe su.